Wasiƙar Kamba: Kifi Ba Ya Yankan Fasfo

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Maganata ta wannan mako a kan ruwa ce da kifi, da kuma mutanen da aikinsu shi ne auna ruwa da ƙidayar kifi. Na sani wani zai ce, me ya haɗa akawu da kamun kifi? To, a yi haƙuri a karanta har ƙasa, za a ga maganar lissafi ce, lissafi kuwa shi ne abincin akawu.

Ƙasa Uku, Ƙwarya Ɗaya

Ga wanda bai san wajenmu ba, Kamba tana ƙasar Dendi, cikin Jihar Kebbi, dab da iyakar Nijar. In ka fita ƙofar iyaka ka yi yamma, ba za ka daɗe ba sai ga ka a Gaya. Daga Gaya kuwa gada ce kaɗai tsakaninka da Malanbil ta ƙasar Benin. In ka yi kudu zuwa bakin Kwara, wajen Dole Kaina da Lolo, nan ne kogin ya ke sallama da Nijar da Benin, ya shigo Nijeriya, ya ratsa ƙasar Bagudo, ya nufi Yauri. Watau a ɗan wannan tsakani ƙasa uku ke sha a ƙwarya ɗaya. Giwan ruwan da ya kwana ƙarƙashin gadar Gaya yana iya hantsewa a Lolo, ba wanda zai tambaye shi takarda.

Mu nan mun san rufe iyaka sarai. An rufe ta a 2019, ba a buɗe ƙofar Kamba ba sai a 2022. Aka sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a watan Maris na 2024. Cikin dukan shekarun nan motoci sun tsaya, fatake sun zauna, kasuwa ta yi sanyi, amma ko sau ɗaya ruwa bai tsaya a shingen kwastan ba, kifi ma haka.

Farin Ruwa da Baƙin Ruwa

Kowane Basarke ya san Kwara sau biyu ta ke kawo ruwa a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa da damina, daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, a Benin da Nijar da Burkina Faso da ƙasarmu. Shi ne ke malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya. Na biyu shi ne baƙin ruwa, garau, wanda ke iso mana tsakiyar ɗari, sa'ad da ko ɗigo ɗaya ba a yi daga sama. Daga ina ya ke?

Daga duwatsun Gini ya ke. Can Kwara ta tsiro, nisan wurin da teku bai fi mil 150 ba, amma ta ba teku baya, ta yi arewa zuwa bakin hamada, ta kewayo, har tsawonta ya kai wajen mil 2,600. Ruwan da aka yi a Gini da damina, in ya iso ƙasar Masina cikin Mali, sai ya bazu cikin wata babbar fadama ya yi watanni yana jan jiki. A nan lakarsa ke kwantawa, a nan kuma rana ke shanye wajen sulusinsa ko fiye. Abin da ya saura shi ke wucewa ta Tumbutu da Gawo da Yamai ya zo mana. Ashe manomin da ke ban ruwan shinkafa a Bagudo cikin Janairu, ruwan Agustan mutanen Gini ya ke ɗiba, ko ya sani ko bai sani ba.

Tun da haka ne, duk abin da aka yi wa kogin a sama, mu za mu gani a ƙasa. Akwai madatsar Markala a Mali tun 1947, akwai ta Selinge, an kuma aza harsashin ta Kandaji a Nijar a 2008. A watan Yuni na 1985, bayan fari mai tsanani, Kwara ta daina gudu ƙaf a Yamai. A watan Satumba na 2020 kuwa ruwan ya hau har wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya gangaro ya haɗu da na gulaben gida, ya cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi abin da ya ba kowa tausayi. Kogi ɗaya ne, yau ya hana, gobe ya yi ɓarna.

Masu Auna Ruwa

Shugabannin farko sun lura da wannan tun da wuri. A 1964 ƙasashen da kogin da rassansa suka ratsa suka kafa hukuma a Yamai. A 1980 suka taru a Farana ta ƙasar Gini, kusa da mafarin kogin, suka sabunta ta, suka kira ta Hukumar Kwarin Kogin Kwara. Ƙasa tara ke cikinta: Gini, Kwaddebuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Benin, Nijeriya, Kamaru da Cadi. A 2008 suka amince da wata yarjejeniya ta ruwa, wadda ta ce duk ƙasar da za ta yi babban aiki a kan kogin, lalle ta sanar da sauran tun da wuri, kuma kowa ya riƙa ba ɗan'uwansa labarin abin da ya auna.

Yaya a ke awon? Abin ba wuya a ido. Ƙarfe ne mai lamba a ke kafawa a bakin ruwa, wani mutum ya zo kullum ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta. A Kulikoro ta Mali ana wannan rubutu tun 1907. Akwai ma'auni a Yamai, akwai a Malanbil, akwai a Jidere Bode cikin jiharmu. Yanzu an ƙara da na'urori masu aika labari da kansu, da hotunan tauraron ɗan'adam. In aka jera lambobin nan a littafi ɗaya, masani ya kan iya cewa ruwan da ya wuce Yamai yau, ran kaza zai iso Kainji, kuma ga yawansa. Amma fa sai an jera su. Lambar Yamai ita kaɗai ba ta yi wa mutumin Bagudo amfanin kome in ta kwana cikin akwatin tebur a Yamai.

Yadda Awo Ya Raba Gardama

Bari in kawo abin da ya faru nan maƙwabtanmu, don a ga awo ba wasan 'yan boko ba ne. Akwai wani tsibiri babba cikin Kwara sama da Gaya, sunansa Lete. Tun lokacin samun mulkin kai a 1960 Nijar da Dahome, watau Benin ta yau, ke jayayya a kansa, har an yi asarar rayuka. Can tsakanin 1967 da 1970, gwamnatocin Dahome da Mali da Nijar da Nijeriya suka haɗu suka sa wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Holan, mai suna NEDECO, ya auna zurfin kogin don a san hanyar da jirgi zai bi. Ba don shari'a aka yi aikin ba.

Shekaru suka wuce, ƙasashen biyu suka kai maganarsu Kotun Duniya a birnin Heg. Ran 12 ga Yuli, 2005, kotu ta yanke cewa iyaka ita ce inda hanyar jirgi ta fi zurfi. To, ina wurin ya ke? Sai alƙalai suka jawo tsohon littafin awon nan, suka dogara da shi ƙwarai. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9, kowa ya karɓa. Abin da ya sa aka yarda da littafin, ai don ba na mutum ɗaya ba ne. Da Nijar ce kaɗai ta auna, da Benin ta ce an yi son kai. Awon da aka yi tare shi ne ba ya da uban gida.

Darasin Kainji

Wannan na ruwa ke nan. Na kifi fa? A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsohuwar Busa, aka ta da mutum fiye da 40,000. A shekarar nan gwamnati ta haɗu da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tara masana na gida da na waje don su duba abin da sabon tafkin zai zama. Wannan aiki shi ya haifi cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa a 1975. Suka ga kamu ya yi yawa ainun a shekarun farko, masunta suka yi ta tururuwa daga ko'ina, sa'an nan ya faɗi.

A 1989 wata baƙuwa ta gangaro daga sama ta shiga tafkin, watau wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Mu kan ce kainuwa dashen Allah, amma wannan kam mutum ne ya ɗauko ta ya ƙetaro da ita teku don kyan furenta. Ta toshe mashigai, ta naɗe taru, ta hana kwalekwale wucewa. Ta gabanmu ta bi, ba wanda ya iya tsai da ita a iyaka.

Daga 1993 masana na Jamus suka haɗu da namu a Kainji. Abin da ya fi burge ni cikin aikinsu shi ne aikin akawu ne tsantsa. Suka bi ƙauyukan bakin tafki ɗaya ɗaya, suka ƙidaya jirage da komaye da masunta, suka sa mutane a bakin ruwa suna auna kamu suna rubutawa wata bayan wata. Da lissafi ya taru, sai ya nuna inda ɓarna ta ke: tarun nan mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wanda a ke ja daga gaɓa don ƙananan kifi, yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tun ba su kai tsawon yatsa ba. Jihohin Kebbi da Neja suka yi doka, aka kuma jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin maganar, domin an gane doka ba ta zama a ruwa in masu ruwa ba su yarda da ita ba. Kainuwar ma aka gitta mata shinge a kogin wajen Zamare.

Abin Da Mutanen Teku Ke Yi

Kwara ba a Kainji ta tsaya ba. Ta kan wuce Jebba, ta haɗu da Binuwai a Lokoja, ta rarrabu ta faɗa Tekun Gini, kamar yadda Turawan nan biyu 'yan gidan Landa suka tabbatar a 1830, da suka bi ta cikin kwalekwale daga Busa har bakin teku. Mutanen da ke bakin wannan teku damuwarsu irin tamu ce, sai dai tasu ta fi girma. Ƙananan kifayen da talakawansu ke ci suna yawo garke garke, daga ruwan Kwaddebuwa zuwa na Gana, zuwa na Togo da Benin. Tsakanin Yuli da Satumba ruwa mai sanyi ya kan taso daga ƙarƙashin teku da abinci a cikinsa, lokacin ne kifin ke hayayyafa. In Gana ta hana kamu, maƙwabciyarta ta ci gaba, to, mai haƙuri ya yi wa mai haɗama kiwo ke nan.

Saboda haka suka nemi lissafi ɗaya. Tun 1975 ƙasar Norwe ta ba da jirgin bincike, wanda ke aiki tare da Hukumar Abinci da Noma, yana kewaya tekunan Afirka da Asiya. Na uku ke nan a jere, an ƙaddamar da shi a 2017, duka kuwa suna ɗaya gare su, Nansen. Shi Nansen ɗin wani masani ne na Norwe, wanda a 1922 ya ƙago takardar tafiya don 'yan gudun hijirar da ba su da ƙasa. Ga shi yau sunansa na kan jirgin da ke ƙidayar halittar da ita ma ba ta da ƙasa.

Ga yadda su ke yi. Jirgin ya kan aika sauti cikin ruwa, sautin ya bugi garken kifi ya komo, kamar yadda dutse ke mai da wa mai kira muryarsa. Daga ƙarfin amsawar a ke gane yawan garken. Sa'an nan a jefa taru a ɗebo kaɗan, a auna tsawo da nauyi, a tsaga ciki a ga ko da ƙwai, a ciro wani ɗan ƙashi cikin kan kifin mai zobe zobe, wanda ke nuna shekarunsa. A auna sanyin ruwa da gishirinsa. Abin lura, masanan ƙasashen bakin tekun su ke hawa jirgin su yi aikin da hannunsu, kowa idonsa a kan ma'auni, don haka ba mai komawa gida ya ce ba a yi da shi ba. Mu ma muna da cibiyar binciken teku a Ikko tun 1975.

Bayan lissafi sai shawara. A 1981 aka ƙulla yarjejeniyar Abijan don tsare tekun daga ƙazanta da ɓarna. A 2007 ƙasa shida, Laberiya, Kwaddebuwa, Gana, Togo, Benin da Nijeriya, suka kafa kwamitin kamun kifi mai mazauni a Tema ta ƙasar Gana. A 2023 Gana da Kwaddebuwa suka rufe kamu a wata guda, watan Yuli. Kada a ce abin ya tafi sumul. Masunci in ya ajiye taru wata guda, wa zai ba iyalinsa tuwo? Kukan ya yi yawa, har a 2025 Gana ta ɗauke wa masu kwalekwale dokar, ta bar ta a kan manyan jirage. Wannan ma darasi ne: masani ya kan faɗi gaskiyar kifi, amma sai an dubi cikin mai kamawa.

Roƙona

To, jama'a, mu komo gida. A kasuwanninmu yanzu ana sauke kwalin kifin ƙanƙara da aka ɗauko daga teku, alhali kogi na gefenmu. Ku tambayi tsofaffin Sarkawa yaushe rabonsu da ganin yauni ko giwan ruwa irin na ƙuruciyarsu, ku ji abin da za su ce. Ruwan da ke tsakanin Gaya da Yauri kamar asusu ne da mutum uku ke zara, kowa da mabuɗinsa, kowa da dokarsa. Kowane akawu ya san ƙarshen asusun da a ke fitarwa ba a rubutawa.

Hana kamu don kifi ya huta ba baƙon abu ba ne gare mu. A Argungu ana tsare ruwan Matan Fada, ba mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa a ke fid da kifin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Bikin nan da ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hasan a 1934, duniya ta shaida shi, har aka sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa hikimar ta ƙetare iyaka. Ga abu huɗu da na ke roƙo.

Na ɗaya, masanan Sabuwar Busa su haɗu da 'yan'uwansu na jami'ar Yamai da ta Faraku, su ƙidaya kifin wannan yanki tare, da takarda iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya. Ba sai da jirgin Norwe ba. Sikeli ne da littafi da yaro mai gaskiya a kowace tashar jirgin ruwa, ga kuwa samarinmu nan da suka gama makaranta suna zaune.

Na biyu, abin da aka samu a faɗe shi da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, a rediyo da gaban Sarkin Ruwa. Binciken da aka rubuta da Turanci da Faransanci aka kai babban birni, mai birgi da mamari bai san an yi ba.

Na uku, a daidaita faɗin idon taru da lokacin hutun ruwa a gaɓa duka biyu. In an hana a Lolo an bari a Malanbil, an koya wa mutane tuƙin dare ne kawai. Kuma kafin a hana, a tanadi abin da masunci zai ci a watan hutu, ko noman rani, ko kiwon kifi a tafki.

Na huɗu, labarin hawan ruwa in ya taso daga Yamai, kada ya tsaya a ofis. Ya kai ga hakimi da mai gari da liman da mai shela, tun shinkafa na da sauran ceto. Rigakafi ya fi magani.

Na sani zamani ya yi tsami tsakanin gwamnatoci, har Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a watan Janairu na 2025. Wannan magana ce ta manya, ba ta akawu ba. Amma ina roƙonsu, kome za a yi, a bar mai duba ma'auni a Kulikoro ya ci gaba da gaya wa na Jidere Bode abin da ya gani. Ɓacin ran sarakuna ya kan wuce, amma shekarar da ba a rubuta ba ta tafi ke nan, ba mai komo da ita ya auna.

Daga ƙarshe ina kira ga masu karatu na Yauri da Bagudo da Illo da Argungu, da na Gaya in jaridar nan na isa gare su. Wanda ke da tsoho masunci a gida, ya zauna da shi, ya rubuto wa Edita sunayen kifayen da a ke kamawa dā waɗanda yanzu suka yi wuya, da watan da kowanne ke ƙwai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In wasiƙun suka taru, mun fara littafin ke nan tun masana ba su iso ba.

Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawun Bakin Iyaka,
Kamba.